Layin Marigayiya

Da magariba ne, Baba yana zaune a falo gaban tsohuwar kwamfutarsa, tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Can an jima wata ta biyo.

Sana'arsa rubuta manhaja, kuma shi ya haɗa wa gidan 'yar sabar ta hira, wato manhajar da ke haɗa wayoyinsu, kowace waya da layinta. Duk minti guda sabar takan bi layukan ɗaya bayan ɗaya ta tambaya, "Kana nan?" Wanda ya yi shiru sau uku sai ta rufe shi, don kada matattun layuka su tare wa masu rai wuri. Baba mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba ka haushi, amma ranar da aka binne matarsa ya cire layinta daga wannan doka. Wata bakwai sabar tana tambayar wayar da ke kashe a cikin akwati.

A wannan magaribar layin ya amsa: "Ina nan."

Bai gaya wa kowa ba. Kwana tara yana zama yana kallon amsar, jifa yana ƙaruwa, 'yarsa Auta tana ramewa. A na goma ta bar cin abinci, ta zauna bakin ƙofa tana cewa "ina nan" duk minti guda, da muryar da ba tata ba.

Yayar Baba ce ta kawo malam. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Me kake nema a jikin yarinya?"

"Wucewa nake yi," in ji muryar. "Na ji ana ta kira, ba mai amsawa. Tausayi ya kama ni. To amsa sai da baki, na ari nata."

"Fita."

"Zan fita. Amma muddin ana kira zan dawo. Mai gidan ya rufe layin da hannunsa."

Baba ya sunkuyar da kai. "Malam, ko da sau ɗaya ne a shekara..."

Hannun Auta kawai malam ya ɗaga masa, duk ya koma ƙashi.

Baba ya ja kujera, ya goge abin da ya rubuta ranar jana'iza, yana kukan da bai yi ba a ranar. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa."

Minti ya cika. Sabar ta tambayi layinsa, ta tambayi na Auta, ba ta tambayi na ukun ba.