Shafi Tara na Littafin Zanena

Mai shagon buga kati, kai ka zubar min da shafi tara na littafin zanena, kuma ka sani. Ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara min baki.

Shekara arba'in ina ɗinkin zanin gado da rigar matashi. Duk furen da na ƙirƙira, a littafin nan nake zana shi da fensir, in bi layin da allura ina hudawa. In zan yi aiki sai in ɗora shafin kan yadi, in shafa garin alli, zanen ya sauka ta hudar.

Auta, jikar tawa, ta ce littafin ya tsufa, bari ta kai shagonka a adana shi a kwamfuta. A can ta haɗu da mai yi maka zane, dogon nan mai tabarau. Ya buɗe littafin ya kasa rufewa.

"Ke kika zana wannan?"

"Kakata ce. Ni ko ganye ban iya ba."

"To zan zo gaishe da Kaka."

"Kakar kawai?"

Ya warware ɗinkin littafin don inji ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ka tarar da takardu a tebur, ka ce ai an gama ɗauka, a share. Kafin ya ankara tara sun bi shara.

Na ce wanda ya warware min littafi ba zai auri jikata ba. Ubanta ya ji daɗi, dama ɗan abokinsa mai sayar da taya yake so mata. Auta ta rame, kullum hanci a waya. Na ce ta karanto min abin da mai tabaraun yake rubuto mata.

"Furena, ki ce wa Kaka ta kwantar da hankali. Na buga mata taran a takarda mai sheƙi, sun ma fi na da kyau."

Aka kawo na shafa. Sumul kamar faranti, ko huda ɗaya babu. Na ce a mayar masa ya rataya a bango.

Ranar Asabar sai ga shi da takarda mai kauri da allura. Ya zauna a bakin ƙofata, ya ce, "Kaka, koya min."

Hudarsa ta farko kamar da ƙusa aka yi. Ya soki yatsa ya ɓata min yadi da jini.

"Da wannan hannun za ka riƙe mace?"

"Shi ya sa na fara da takarda, Kaka."

Asabar bakwai ya yi yana zuwa. A ta ƙarshe na shafa alli, fure ya sauka tsaf. Auta na leƙe ta labule. Na kira ubanta na ce mai taya ya nemi wata.

An ɗaura aure watan jiya. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa su ga tsufan juna. Da yaron nan ba ni da sauran magana.

Da kai nake da ita. A bayan kowane shafi na ɗinke guntayen zaren da suka dace da furen, wane a ganye, wane a tsakiya. Injinka bai ɗauki baya ba. Idona yanzu ba ya raba shuɗi da kore, na gwada tunowa har na gaji. Zanin gadon amarya ma da farin zare zalla na yi shi.

Sau uku ina aika maka, kana cewa takarda ce kawai. Ƙafata ba ta hawa benen shagonka. Ka sauko ka zo gidana, ka tsaya gabana, ka faɗa min wa ya ba ka izinin zubar da abin da ba kai ka zana ba.