Ruwan Da Chizuru Ta Shiga

"Ririka, miƙo min butar shayin nan mana."

Hannun Chizuru ya tsaya cak. Shekaru ke nan rabon da wani ya kira ta da wannan suna.

Michiru ce ta yi maganar, matar yayan Shunpei, saurayin Chizuru, tana murmushi.

"Au, yi haƙuri... Chizuru ko? Wancan sunan ne ya fi zama a baki. Maza ma shi suka fi sani."

Da safiyar nan Shunpei ya kawo ta gonar lemon iyayensa a Ehime ta ƙasar Japan, don ya nuna musu wadda zai aura. Wuni guda ta yi tana tsinkar lemo tare da su, har mahaifiyarsa ta ɗaura mata ɗankwalinta saboda rana.

"Yaya Michiru, ya isa!" in ji Shunpei.

"Wane suna ne wannan?" Mama ta tambaya.

"Af, Mama ba ku sani ba? Amaryarmu 'yar fim ce, Ririka sunanta ne na aiki. Irin wanda ake kallo bayan an kulle ƙofa."

Baba ya ƙware da shayi. Yayan Shunpei ya ƙura wa tabarma ido, kunnuwansa sun yi ja.

Chizuru ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne. Na yi wannan aikin, na kuma bari tuntuni."

"Tun kafin in ce ina sonta na sani," in ji Shunpei.

"Ka sani?" Michiru ta tafa hannu. "Ga ƙanwata mai tarbiyya ka ƙi, ka je ka kwaso abin da duk ƙasa ta gama gani!"

Kowa ya zuba wa Mama ido. Ta tattara kofuna a faranti, ta miƙe.

"Ruwan wanka ya yi zafi. Baƙuwa ce farko."

A soro Chizuru ta riƙe hannun rigar Shunpei.

"Me take nufi? Karramawa ce, ko cewa take in je in wanke dattina?"

"Ban sani ba, zuciyata... Mama ba a gane mata. In kina so mu tafi yanzu, mu tafi."

"In mun tafi ka rasa gidanku."

"In kin tafi ke kaɗai fa?"

Ta karɓi tawul ta shige.

Ta zauna a kujerar katako ta wanke jikinta tas da sabulu, har sau biyu, sannan ta shiga kwarmin ruwan zafi da duk gidan za su jiƙa a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta rasa abin da ya kamata ta ji. A shagon furannin da ta fara aiki bayan ta bar fim, wani mai saye ya gane ta, ya roƙi hoto yana rawar murya don murna. Shi ɗin ne kuma ya kai ƙararta wurin mai shago, wai bai dace yara su riƙa ganinta ba. Har yau ba ta gane wanne ne ainihinsa ba.

Muryar Michiru ta ratso bango.

"Ni dai ba zan shiga ruwan nan ba! A zubar, a wanke kwarmin da magani!"



Chizuru ta fito, ta ɗaura tawul, hawaye na bin kuncinta. Gara ta sauƙaƙa musu. Ta kai hannu za ta cire matoshin kwarmin, sai ƙofa ta zuge.

Mama ce, ita ma da tawul.

"Me kike yi?"

"Zan... zan zubar ne, a ɗora sabo."

"Wa ya sa ki?"

Mama ta zauna a kujerar, ta juya mata baya, ta miƙo soso ta kan kafaɗa.

"Cuɗa min. Hannuna ba ya kaiwa."

Chizuru ta durƙusa. Bayan ƙarami ne, duk rana ta ƙona wuyan. Ta fara cuɗawa a hankali.

"Da ƙarfi, 'yar nan, ba ƙwai ba ne."

Chizuru ta ƙara ƙarfi, Mama ta ci gaba da magana.

"Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ban fahimci aikin nan ba, ba na jin zan taɓa fahimta. Maƙwabta za su yi da ni har su gaji."

"Ku gafarce ni..."

"Abin da ya ɗaure min kai, ni kaɗai na tambayi wane suna ne. Mazan gidan nan babu wanda ya tambaya."

Dariya ta so kufce wa Chizuru, ta haɗe da kuka.

"Kina son ɗana?"

"Ina sonsa, Mama... fiye da yadda na iya faɗa."

Mama ta ɗauraye jikinta, ta miƙe. Ta dubi ruwan na ɗan lokaci. Sai ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ɗayar, ta nutse har wuya, ta saki doguwar ajiyar zuciya.

"Michiru!" ta ɗaga murya. "Ruwan nan shi ke nan na yau. Wanda ba zai shiga ba ya kwana da ƙurar gona!"

Sannan ta dubi Chizuru da ido ɗaya.

"Kada ki saba. A gidan nan sabuwar suruka ce ƙarshen shiga, ita ke wanke kwarmi. Yau ne kaɗai za ki riga kowa."