Lungun da Injiniya Ya Toshe

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya, tana jera kayan a kafaɗarta. Auta, 'yarta mai shekara goma sha shida, tana bakin famfo tana ɗauraye kofuna. Maigidan kuwa, wanda duk unguwa ke kira Injiniya, yana falo ya baje manyan takardunsa a kan tebur, ya danne gefensu da kofin shayi da makullin mota.

Shekara uku ke nan yana kan aiki ɗaya: gadar sama da za ta ɗauke babban titi ta tsallakar da shi tsakiyar gari, don manyan motoci su daina cushewa a bakin kasuwa. Shi ya zana yadda ƙananan titunan da ke kewaye za su koma, wannan na shiga kawai, wancan na fita kawai, wani a faɗaɗa, wani a rufe. Har Umma ta haddace zancen, don ko abinci ake ci sai ya jera cokula ya nuna musu yadda cunkoso zai warware.

Ladan ya ɗaga murya ke nan, sai wani abu ya faɗo a kan kwano. Ƙwas. Ya gangaro a hankali ya faɗi gaban Umma.

Tsakuwa ce baƙa mai kaifi, irin wadda ake zubawa a aikin titi. Da ta ɗauka sai ta ji ta da ɗumi, kamar yanzu wani ya sake ta daga tafin hannunsa. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo. Sannan suka zubo kamar ƙanƙara.

"Abban Auta!"

Ya fito da fensir a bayan kunne, ya duba sama, ya buɗe ƙofa ya leƙa waje. Layin babu kowa, duk an tafi masallaci.

"Tifa ce ta wuce da lodi," in ji shi.

"Tifar ta sama take bi?"

Ya mayar da ƙofar ya rufe. Kafin a idar da salla jifan ya tsaya cak.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Ba ya zuwa da rana, ba ya kai wa isha'i. Tsakanin kiran magariba da sallamewa kawai. A rana ta huɗu Umma ta zauna a kan darduma ta kasa kunne, sai ta gane ba jifan kaɗai ba ne. Akwai takun sawu. Sawu masu yawa, na masu tafiya a matse, suna shigowa ta jikin katangar gaba inda babu ƙofa, su ratsa tsakar gida, su nufi ɗakin Auta. Labulen ɗakin yakan ɗaga ya tsaya a sama, alhali ko ganye ba ya motsi. A ƙarƙashin takun kuma akwai gunaguni, irin na mutanen da suka gaji da tsayuwa a layi. Ta ji an ce, "Ku matsa mana." Ta ji kukan jariri can ƙasa-ƙasa. Ta ƙanƙame carbinta har ya yi mata shaida a tafin hannu.

Ta ce a kira kawunta, tsohon malamin da ya yi shekaru yana yi wa mutane ruƙiyya. Injiniya ya yi murmushin da ba ta so.

"Ki bari in sa a duba kwanon tukuna. Komai yana da dalili."

A rana ta bakwai Auta ta manta hijabinta a ɗaki, ta juya da sauri za ta ɗauko daidai lokacin da ladan ya fara. A bakin ƙofa Umma ta ga an yi gefe da ita, kamar wadda taro ya bangaje. Ta faɗi ba ta yi ko ƙara ba. Da aka ɗaga ta, idanunta a buɗe, amma ba su san kowa ba, ƙafafunta kuma sun saki kamar tsumma.

Kwana biyu suka yi a asibiti. An ɗauki hoto, an ɗebi jini, likita ya juya takardu ya ce bai ga komai ba. A hanyar dawowa suka maƙale a cunkoson bakin kasuwa, Auta kwance a cinyar uwarta, ana ta danna oda ta ko'ina. Injiniya ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya daɗe. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Kira Kawu."

Malam ya iso bayan la'asar, ɗan siririn tsoho da sanda. Bai tambayi komai ba. Ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa Auta a tabarma a tsakar gida, ya ce uwar ta riƙe kanta, uban ya zauna wajen ƙafafu. Suka jira. Hasken ya yi ta raguwa a jikin katanga har ya ƙare.

Da kiran salla ya tashi, tsakuwa ta fara sauka, Malam kuma ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Umma ta ji wuyan 'yarta ya sandare a hannunta. Sai bakin Auta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsoho, a dushe, mai kama da ta wanda ya sha tafiya.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba faɗa na zo ba."

"Wane ne kai?"

"Madugu ne. Ni nake gaba in jama'ata za su wuce."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita? Babu. Ubanta nake nema. Mun yi jifa, ya ce tifa ce. Mun yi magana, ya toshe kunne. To, yanzu yana ji?"

Kan Auta ya juya a hankali, idanun suka tsaya a kan Injiniya.

"Kai ne ka rufe lungun bayan kasuwa?"

Injiniya ya ce, "Katangar gada ce ta bi ta wurin. An yi ƙidaya kafin a rufe. Babu abin da ke bin lungun nan."

"Me ka ƙirga?"

"Motoci."

"Da me?"

"Da babura."

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Lungun da ko amalanke ba ta shiga, ka zauna kana jiran mota. Ka rubuta babu kowa. Mu tun ba a kafa kasuwar ba muke bin wurin, kowace faɗuwar rana. Muka zo muka tarar da kankare, da allo, da jar kibiya an ce a bi nan. Muka bi. Mutane suna karya kwana a bakin layi, mu ba ma karyawa. Kibiyarka gidanka ta nuna, ta ɗakin 'yarka ta fita. Kai ka zana, mu muka yi maka biyayya."

Umma ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. "Na faɗa maka, Abban Auta. Ni ma ta nan nake bi in je kasuwa. Ka ce in zagaya, motsa jiki ne."

Ya sunkuyar da kai.

Malam ya buga sandarsa a ƙasa. "Ko an zalunce ku, ba a rama zalunci a kan wadda ba ta ci ba ta sha ba. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"A rushe katangar," in ji muryar.

"Ba za ta rusu ba," in ji Injiniya. "Ita za ta riƙe ƙasar da motoci za su hau. In an rushe ta, aikin gaba ɗaya ya tashi." Ya ɗago kai ya dubi Auta. "Amma ba a cika bayanta da ƙasa ba tukuna. Ana iya barin ƙofa a ƙarƙashi. Mita nawa kuke so?"

"Ba mu san mita ba. Inda mace mai goyo da kaya a ka za ta wuce ba ta sunkuya ba, wata kuma ta gifta ta ba su gogi juna ba."

"Sai kwamiti ya zauna. Wata uku, ko..."

"Yaushe za a zuba ƙasar?"

"Nan da kwana shida."

"To, ka ji wa'adinka da bakinka."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Jikin Auta ya ɗauki karkarwa, muryar ta yi ƙara. "Zan fita, zan fita! Amma ƙafafun ba a hannuna suke ba. Ranar da yarinyar ta tare ƙofa an turmushe wani jaririnmu a cikin turereniya. Uwarsa ce ta riƙe, ta ce ba ta saki sai ta ga hanya."

"Ba mu karɓi wannan sharaɗi ba," in ji Malam. "Lafiya ta Allah ce, ba taku ba. Fita!"

Auta ta yi atishawa sau uku, ta yi lamo. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji," da muryarta ta kullum. Amma da aka ce ta tashi, ƙafafun ba su amsa ba.

A bakin ƙofa Malam ya riƙe hannun Injiniya. "Ban ce ka buɗe lungun don tsoronsu ba. Addu'a za mu ci gaba da yi. Sai dai hanya tana da haƙƙi, ɗana, ko da babu aljani ko ɗaya a duniya."

Da safe Injiniya ya tsaya da jakarsa a hannu ya kasa fita. "Me zan rubuta wa kwamiti? In ce aljanu sun kawo ƙara?"

Da la'asar Umma ta bar Auta wajen maƙwabciya, ta ɗauki littafin makarantar yarinyar da biro, ta je ta zauna a kan wani bulo a gindin katangar da ta toshe lungun. Duk wanda ya zo da ƙafa ya tarar da kankare, ta ja layi ɗaya. Masu tallan ganye, tsofaffi masu sanda, mata da 'yan makaranta riƙe da hannu. Yawancinsu ba sa bin kibiyar. Sai su haura shingen babban titi su tsallaka a guje tsakanin tireloli. Ta ga wata mai ciki ta tsaya a tsakiyar titi, mota ta gaba mota ta baya, ta rufe ido. Kwana uku tana zuwa. Shafi goma sha ɗaya ta cika.

Injiniya ya kai wa ogansa littafin. Ogan ya juya shafukan da ɗan yatsa, ya ce abin dubawa ne, a kawo shi zaman kwamiti na gaba. Ƙasa kuwa za a zuba ranar da aka sa, don an riga an gayyaci manya bikin buɗewa.

Ranar ta shida Injiniya ya fita tun da sassafe, bai karya ba. A bakin ƙofa ya ce, "In na sa hannu ni kaɗai a buɗe hanyar nan, ƙila shi ne sa hannuna na ƙarshe a wurin nan."

"Allah Ya fi su," in ji Umma.

Ta yini tana duban waya, bai kira ba. Da yamma ta jawo tabarmar Auta kusa da ita a tsakar gida, ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarta tana shafawa. Sun yi sanyi kamar ƙarfe. Inuwa ta cinye katanga. Ladan ya gyara murya.

Takun ya taso daga nesa, ya yi ta matsowa, har ya iso bayan katangar gaba. Nan ya tsaya. Aka yi shiru mai tsawo, irin na taron da ke sauraron magana daga gaba. Sannan sawun suka juya, ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta nisa har ta daina jin su.

A cikin tafin hannunta, babban yatsan ƙafar Auta ya motsa.

Sai bayan an idar da salla aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ne, fari fat da ƙurar siminti tun daga gashi har takalmi. Ya sa an cire bango biyu daga katangar gadar, an jera manyan kwalbatocin kankare da mutum zai bi ta cikinsu a tsakani, an zuba ƙasa a kansu. A aljihun rigarsa akwai takardar dakatarwa daga aiki, an ninke ta huɗu. Ya ɗaga kai zai yi wa Umma bayani, sai ya ga ba ita ta buɗe masa ba.

Auta ce tsaye, ta dafa ƙyauren da hannu ɗaya, ƙafafunta suna ɗan rawa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Abba, cire takalman nan a waje. Yanzu Umma ta share gidan."