Kawu Dabo Ya Je Kallon Kiɗa

A shagon kafintan mahaifinta da ke Ƙofar 'Yandaka Suwaiba ta fara ganin Nu'uman. Ta kawo abincin rana, shi kuma ya zo a sassaƙa masa sanduna biyu sirara.

"Muciyar 'yar tsana ce?" ta tambaya.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce sandunan ganga ne, shi ke kaɗa wa wata ƙungiyar kiɗan Turawa da ake kira rok, su huɗu da gitocinsu. Ba ta san rok ba, amma dariyar ta shiga ranta.

Wata shida suna tare kafin maganar ta isa kunnen Malam Bala, mahaifinta.

"Ɗiyata ba ta auren maroƙi," in ji shi. "Mai bin manya shina wasa su don a ba shi? Ga Sagir nan mai shagon taya, mi ya rasa?"

Suwaiba ta yi kuka har ta gode Allah. Da ƙyar Malam ya yarda ƙanensa Dabo ya je ya gano masa irin kiɗan yaron. Ranar Asabar da la'asar ƙungiyar na wasa a taron ɗalibai, sai ta yi maza ta tura wa Nu'uman saƙo:

"Nawan, Kawu Dabo na nan zuwa da babbar riga shuɗiya. Don Allah ka girmama shi. Rayuwata na hannunka."

Wayarsa kuwa tana cikin jaka a kashe.

Kafin magariba Kawu ya dawo yana huci. Suwaiba ta laɓe bayan labule.

"Yaya, yaron nan bai san sana'a tai ba. Na sha rigata, na tsaya gabanshi, na gyara hula, har tari na yi. Ko sunan kakana bai kira ba. Shina can baya, ido rufe, shina dukan ganguna da faifan ƙarfe kamar sun yi mai laifi. Na ɗaga hannu in yi liƙi, aka ce wai nan tikiti aka saye."

Malam Bala ya ce, "Bai wasa kowa ba?"

"Ko mutum guda hwa."

"Ashe aikinshi shi kai, kamar ni. Ce ma iyayenshi su zo."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Suwaiba. A lokacin wayarta ta yi ƙara.

"Zumata, yanzu na ga saƙonki. Na shiga uku. Wane ne mai shuɗiyar riga?"

Ta rubuta tana dariya tana share hawaye: "Waliyyina ne. Kada ka ƙara kunna waya in kana aiki."

Bayan Sallah aka ɗaura auren a Kambarawa. Kawu Dabo ne ya bayar da ita, yana ta ƙunƙuni, amma shi ya fi kowa daɗewa da hannu a sama wurin addu'a. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin.