Ashirin da Tara ga Fabrairu

Faɗa ne ya fara kawo Alisabatu buro, wato ofishin aikin gona na Madarumfa. Ita ke riƙe da kwamfutar likita, wato asibitin garin Gabi, mai fidda ranakun rigakafin yara. Timoti kuwa, ma'aikacin buron, shi ya rubuta ɗan shirin lissafin kwanan wata da buro huɗu ke aiki da shi.

"Shirinka bai san Fabrairun bana kwana ashirin da tara ne ba," ta ce, ta dangwarar da disket, faifan kwamfuta, gabansa. "Na gyara nawa. Ka gyara na asali ka raba wa kowa."

"Kyauta na bayar," in ji shi. "Kowa ya ji da kwafinsa."

Kai, girman kai! Amma idonsa ya kasa barin fuskarta.

Daga nan disket ya dinga zirga-zirga a motar kasuwa, da saƙo a ciki.

"Tauraruwata, jiya na zauna bakin tabki, ke kaɗai ce a raina."

"Mai taurin kaina, ni ma haka. Ka gyara?"

Bai gyara ba. A Ɗan Issa, inda ake aiki da shirinsa, mata suka tako da yara rigakafi a ranar da ba ita ba, aka maida su gida. Labari ya kai kunnen mahaifinta, Malam Yoshiya, ana saura kwana biyu magabatan Timoti su zo tambaya.

"Mutumin da ya saki aikin hannunsa ya ce ba ruwansa, shi zan ba 'yata? Ga Kalebu ɗan ƙanwata yana nema."

Alisabatu ta sha kuka, sannan ta aika layi ɗaya: "Ina son ka, amma Baba ya yi gaskiya."

Wannan ya soki Timoti ƙwarai. Ya sa gyaranta cikin na asali, ya hau moto mai ƙafa biyu ya bi buro huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. A Ɗan Issa har gida ya bi matan ya ba su haƙuri. Kan kowane disket ya rubuta: "In ya ɓaci, a nemi Timoti."

Da ya kai wa Malam Yoshiya ɗaya, tsohon ya juya disket ɗin a hannunsa. "A neme ka har yaushe?"

"Muddin ina numfashi, Baba."

"To, 'yata ma haka nake so ka riƙe ta."

Bayan kaka aka ɗaura aure a majami'a, tsohon ya sa musu albarka. Suna fitowa Alisabatu ta raɗa masa: "In na ɓaci, wa za a nema?"

"Ba sai an nema ba," ya ce. "Ina nan."