Kafaɗar Ƙarfe a Gidan Maɗori

"Halliru, ni za ka kawo wa ƙarfe cikin gida? Ni?" Baffa Gwadabe ya miƙe daga kan buzunsa yana huci, har carbinsa ya faɗi. "Duk ƙasar Achika, kai har cikin Wudil, wa ya taɓa karyewa bai kwana a zauren nan ba? Sai 'yar ƙanina za ka kwasa ka kai wa baƙi su farke ta kamar buhu?"

"Baffa, ba irin karayar da ka saba gani ba ce," in ji Halliru, yana durƙushe kansa a ƙasa. "Kan ƙashin ne ya dagargaje. Na gani da idona a hoto. Babu abin da za a ɗora."

"Hoto! To hoton ya ci gaba da yi muku magani!"

Lubabatu, ƙanwar Halliru, tana raɓe a bakin ƙofar zauren tana jin su, hannunta na dama rataye a wuya da farin ƙyalle. Ranar ke nan da aka sallamo ta daga asibiti a birnin Kano. Uwarsu ta rasu tun tana goye. Ubansu kuwa tare suka hau akori-kura daga kasuwar Juma'a ta Wudil, motar ta kauce wa wata tirelar siminti ta kife, shi bai ko shura ba, ita aka zaro ta daga ƙarƙashin buhuna kafaɗa a farfashe. Wayyo maraici! Likitoci suka kwashe fasasshen ƙashin, suka dasa mata wani na ƙarfe mai kai mulmulalle kamar ƙwan zabo. Yanzu ba ta da inda za ta sa kanta sai gidan wan ubanta, wanda shi ne maɗorin garin, ya gaji ɗori daga ubansa, uban ya gada daga nasa.

Halliru direban babbar mota ne, kuma a shekarun nan kaya sun yi yawa a tashar jirgin ruwa ta Legas, direba ba ya kwana biyu a gida. Kafin ya tafi ya maimaita wa Inna Yelwa, matar Baffa, abin da likita ya ce: kada a ja hannun, kada a murza, kada ta ɗauki ko da tulun ruwa. In ciwon ya lafa ta riƙa tattaka bango da yatsu a hankali. In kuwa aka ga kumburi ko zazzaɓi, a mayar da ita ba tare da jinkiri ba, don in wurin ƙarfen ya ɗauki ruwa ya yi mugunya, hannun ne za a rasa gaba ɗaya. Inna Yelwa ta ce ta ji. Mace ce mai tausayi, sai dai tsoron mijinta ya fi tausayinta ƙarfi.

Da farko abin ya zama kallo. Matan unguwa suka riƙa shigowa dubiya, amma ba dubiyar ce ta kawo su ba. "Sannu Luba, ya jiki? Ya ƙarfin jiki? To Allah ya ƙara sauƙi... Ke, wai in kin sha ruwa ba ya tsatsa?" Wata ta ce a bar ta ta ƙwanƙwasa ta ji ko zai yi amo kamar kwano. Wata tsohuwa ta ce ita dai tambayarta ɗaya, ko alwala tana ratsa shi. Lubabatu ba ta jin haushi, don ita ma tambayoyin nan suna cin ta. Takan zauna a gindin rumbu ta ɗora yatsa a kan tabon ɗinkin, ta latsa a hankali, tana neman inda ƙashinta ya ƙare ƙarfen ya fara. Ta lura da safe yana rigan sauran jikinta jin sanyi. Ta lura in ta juya a kan tabarma yana yin wani ɗan motsi mara ƙara, kamar baƙon da ba ya son ya tashi masu gida. Ta fara tattaka bangon ɗakinsu da yatsu, yau iya ƙugu, wani makon iya ƙirji, har ta yi dariyar farko tun rasuwar ubanta.

Dariyar nan ita ta jawo mata. Labari ya bazu cewa 'yar gidan maɗori ma asibiti aka kai ta, kuma ga ta tana warkewa. Wata rana da hantsi Baffa na zaune a ƙofar gida aka wuce da wani manomi da saniya ta karya wa ƙafa, a kan amalanke. Baffa ya gyara zama ya fara naɗe hannun riga. Masu amalanken suka gaishe shi da ladabi, suka wuce... suka nufi bakin titi neman motar Kano! Ya daɗe yana kallon sawun tayar a cikin rairayi, sannan ya shiga gida ya ce a kira masa Lubabatu, a kuma kira maƙwabta su zo su gani.

"Kun ga aikin asibiti," in ji shi, ya kwance ƙyallen ya jefar. "Hannu a lanƙwashe kamar na kuturu. Yau zan miƙar da shi."

"Baffa, don Allah... likita ya ce kada a ja..."

"Likita ne ya haifi ubanki ko uwata?"

Ya shafa man shanu mai ɗumi, ya tofa addu'arsa, ya sa aka kwantar da ita, ya kafa diddige a hammatarta kamar yadda yake yi wa kowa, ya finciko hannun da dukkan ƙarfinsa. Aka ji wani ƙas! Lubabatu ta ƙwalla ƙarar da ta sa kaji watsewa, ta suma. Baffa ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji? Ya koma mazauninsa." Alhali fita ya yi daga mazauninsa. Ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau, mutane suka watse suna sa albarka.

Daga ranar nan yatsun da suke hawa bango ko cokali ba sa iya riƙewa. Kafaɗa ta kumbura ta yi sheƙi. Baffa ya ce tsatsa ce, laifin masu dasa ƙarfe a jikin ɗan Adam. Damina ta sauka, ya ƙara da cewa kowa ya san ƙarfe yana kiran tsawa, shi ba zai bari aradu ta faɗo wa iyalinsa saboda ita ba. Aka fitar da tabarmarta daga ɗakin Inna Yelwa aka kai wata tsohuwar bukka a bayan gida, inda ake ɗaure awaki. Da hadari ya taso sai yara su gudu daga wajen, uwaye na kiran su da ƙarfi. Ita kaɗai, ruwa na ɗiga mata ta jinka, sama na rugugi, ta dafe kafaɗar da hannun hagu tana kuka tana cewa, "Ya Allah, kai ka san ban roƙi ƙarfen nan ba... In ajalina a cikinsa yake, ka sa na cika da imani. In kuwa da sauran kwana, ka bar mini hannuna!" In an yi walƙiya takan runtse ido tana jira. In ta wuce sai ta buɗe, ta tambayi kanta a hankali ko tsawar ba ta gan ta ba ne, ko kuwa maganar Baffa ce ba haka take ba.

Wata Juma'a da rana, gida duk an tafi kasuwa, Baffa ya shigo bukkar da kasko cike da garwashi, da kibiyarsa ta sakiya, wadda yake gasawa ya huda ƙurji da ita mugunya ta fita. Ya ga kumburin ya ƙi sauka, kuma ya fara tsoron kada mutane su ce ɗorinsa ne. Ta roƙe shi da Allah da Annabi, ta roƙe shi da zumuncin ubanta da ke kabari. Ya danne ta da gwiwa. Kibiya ta yi jajir, ya soka... Ya saba ta shige cikin nama sumul, amma wannan karon ta ci karo da abin da ya fi ta tauri. Ya ƙara dannawa. Da ya zaro ta, tsininta babu! Ya dubi kibiyar, ya dubi yarinyar da ke shure-shure, gumi ya keto masa.

"In kika faɗa wa wani, ban yafe miki ba duniya da lahira. Ni ne ubanki yanzu."

Da mutane suka dawo ya shaida musu ƙarfen ne ya ruɓe ya huda fata da kansa. Ramin ya fara zubar da ruwa mai wari, zazzaɓi ya rufe ta. A cikin zafin zazzaɓin ne bakinta ya suɓuce ta faɗa wa masu dubiya abin da aka yi mata. Suka tafa hannu. "La'ilaha! Mutumin da ya riƙe ki, shi za ki yi wa ƙazafi? Lalle ƙarfen nan ya taɓa mata kai." Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Inna Yelwa kaɗai ke laɓaɓowa da kunu, ta ba ta a baki tana sharar hawaye da bakin zane.

A haka Halliru ya dawo ya same ta, ƙudaje sun yanyame tsumman, ba ta ma gane shi ba. "Luba! Luba, ni ne Yaya! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Bai tsaya gaida kowa ba, ya saɓe ta a baya har bakin titi.

A asibitin Kano, likitan, wani dattijon Bamisre mai tsintar Hausa, ya kwance karan ya duba kafaɗar. Ya ce ƙarfen ya goce daga gurbinsa, ya kuma ɗauki ruwa har cikin ƙashi, ba ya alkawari, wataƙila sai an yanke hannun daga kafaɗa. Halliru ya durƙushe a tsakar ɗakin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Aka ɗauki hoto. Likita ya ɗaga shi a hasken taga, ya matso da shi kusa da ido, ya kira Halliru.

"Wannan babba, namu ne, ni na sa. Wannan ƙarami a gefe... na wane ne?"

Aka yi aiki aka ciro duka biyun. Aka sa ƙaramin a 'yar kwalba aka miƙa wa Halliru, baƙin tsini mai kunne biyu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya kawo shi gaban dagacin Achika ranar da fada ta cika. Baffa ya rantse bai taɓa ganin abin ba. Kwalba tana zagaya hannuwa, kowa na leƙe yana mamaki, har ta iso ga Isyaku maƙeri. Ya zazzage tsinin a tafinsa ya juya shi.

"Allah ya ba ka nasara, ƙirata ce. Kwanan baya Gwadabe ya kawo mini kibiyarsa ba tsini, ya ce a dutse ta karye. Tana maƙera, ban kai ga gyara ta ba."

Aka ɗauko ta aka haɗa, bakin karaya ya zauna daram. Sai ga Inna Yelwa a ƙofar fada, lulluɓe. Ta ce ita ta wanke kaskon ranar, ta ga jini a hannun rigar mijinta, tsoro ya hana ta magana, Allah ya yafe mata. Dagaci ya hana Baffa taɓa karayar kowa har abada, ya tura shi gaban alƙali a Wudil, alƙali ya ɗaure shi. Matan da suka kira ta maƙaryaciya suka yi ta cika motar Kano suna zuwa neman gafara, ta yafe musu tun ba su gama durƙusawa ba.

Hannun bai tafi ba! Amma an sha wuya. Wata da watanni tana kwance kafaɗa ba ƙashi ba ƙarfe, hannu na reto kamar na 'yar tsana, allura safe da yamma har cinyoyinta suka yi kanta. Sai da ruwan ya ƙafe sarai aka dasa mata sabo. Likita ya gaya mata gaskiya: ta yi sallama da daka da ɗaukar tulu, kuma hannun ba zai ƙara wuce kunnenta ba. Ta ce ta gode wa Allah. Halliru ya kama musu gida a Sabon Garin Wudil, ya ɗauko Inna Yelwa ta zauna da su, ya sayo wa ƙanwarsa keken ɗinki na ƙafa, kafin shekara ta zagayo amaren unguwar duk ita ke musu ɗinki.

Wata rana ta tashi sallar la'asar a tsakar gida. Tun daga ɗorin Baffa, da hannu ɗaya take kabbara. Ta yi niyya, ta ɗaga na hagu, sai na dama ya biyo shi a hankali, yana rawa, ya wuce ƙirji, ya wuce haɓa, har babban yatsa ya taɓa kunne. Inna Yelwa ta saki muciya ta fashe da kuka. Halliru ya juya fuska ga bango.

Da Lubabatu ta sallame ta daɗe a zaune tana kallon tafukanta biyu a buɗe, hawaye na sauka a cikinsu. Can ta ɗago.

"Yaya... ƙashina na ainihi da suka cire tun farko, an binne shi kuwa? Ranar da za a tashe mu, shi zai nemo ni, ko da wannan zan tsaya gaban Ubangijina?"