Mai Dama Furar Ta Sani

"Inna, ki daure ki sha... ko kurɓi ɗaya ne." Zinariya ce ke lallashi, tana durƙushe a ƙofar ɗakin baya da ƙwaryar fura a hannu. A ciki mahaifiyarta Kubura na zaune a ƙasa da mari a ƙafa, idanu jajur, tana ta cafkar wani abu a iska wanda ita kaɗai ke gani. Wayyo duniya! Matar da a da mata ke zuwa neman shawara wurinta, yau ko sunan 'yarta tilo ba ta iya kamawa. Tun bayan rasuwar mijinta aka ce ta taɓu. Yayan marigayin, Alhaji Munzali, dillalin shanu, shi ya kwaso su zuwa gidansa a cikin garin Daura, ya riƙe garken ƙanensa da gonakinsa na Zango da sunan amana. Kullum da hantsi matarsa Maijidda ke dama wata fura da ya ce ta magani ce, Zinariya ta kai wa uwarta da hannunta. A masallaci kuwa sai sa masa albarka ake yi, wai ya riƙe zumunci.

Abu ɗaya ke ɗauke wa yarinyar nan kewa, littattafan da take karɓowa haya a wani shago kusa da rijiyar Kusugu. Lokacin an fara shari'ar Musulunci, malamai sun sa littattafan a gaba da wa'azi, don haka a ƙarƙashin hijabi take shigo da su. In matan unguwa sun taru kitso da la'asar sai ta karanta musu. Wannan karon labarin wani attajiri ne da ya ƙwallafa rai a kan gadon matarsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ɓoye mata kaya yake yi ya ce ita ta jefar, ya musanta maganar da suka yi jiya, ya sa dangi su riƙa kallonta da tausayi, har baiwar Allah ta fara shakkar hankalin kanta.

Ranar da suka yi nisa a ciki, Hasana mai kitso ta ce, "To ke malamar karatu, ya kika ga littafin?"

Zinariya ta yi murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Wallahi Yaya Hasana, marubucin ya iya shiga zuciyar mutum. Akwai wurin da ni kaina na fara cewa anya matar nan ba haukan take da gaske ba? Amma ina da ƙorafi ɗaya. Wai ya ce duk gidan babu wanda ya san abin da ake ciki. Haba! Wannan bai san gida ba. Ba a yi wa mace irin wannan mugunta a gidan da ake ɗora tukunya a ce ba wanda ya gani. Ko kowa bai sani ba, mai dama mata fura ta sani."

Tas! Ƙwaryar da ke hannun Maijidda ta faɗi ta dare biyu. Matan suka yi dariya suna tsokanarta da cewa labari ya kama ta. Ita ba ta yi dariya ba, sai ta shige ɗaki.

Allah shaida ne, Zinariya littafi take nufi, ba ta da kowa a ranta. Amma kafin magariba magana ta kai kunnen Alhaji, ya shigo kamar zai ci babu. "Ni za ki tona wa asiri a gaban mata? Ni da na ciyar da ke da mahaukaciyar uwarki?" Ya zare igiyar shanu ya yi ta zabga mata, tana ihu tana cewa, "Baffa me na yi? Baffa don Allah ka faɗa mini laifina!" Ya tattara littattafanta ya cinna musu wuta a tsakar gida, ya bar wanda ta karanta wa matan don shaida, sannan ya kulle ta a ɗakin ajiyar hatsi ya hana ta ganin uwarta. Daga nan takan jiyo ƙarar marin Kubura, sai ta kifa kai a buhun gero ta yi ta kuka. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya... ban san abin da na yi ba, Ka fitar da ni." A gari kuwa aka baza cewa ta gaji ciwon uwarta. Dangin Lawal, saurayin da ya kawo kayan gaisuwa, suka aiko a mayar musu da abinsu.

Kuma mugun bai tsaya nan ba. Ya san yarinya ta girma, dangi sun fara tambayar yaushe za a raba gado. Sai ya maka ta a kotun shari'a, yana neman a hukunta ta kan ɓata masa suna, a kuma tabbatar ba ta da hankali, don a sa mata mari kusa da uwarta, amana ta ci gaba da zama a hannunsa.

Ranar zaman, aka shigo da Zinariya ta rame ta yi baƙi, ko tsayuwa da ƙyar. Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce wa mai ƙara ya faɗi abin da aka yi masa. Alhaji bai yi boko ba, bai san abin da ke cikin littafin ba, abin da zuciyarsa ta raya masa kawai ya sani. Ya ɗaga littafin sama yana huci. "Allah ya gafarta malam, da wannan ta fake! Ta tara mata ta karanta musu, wai ni nake sa a zuba wa uwarta zaƙami mai juya hankali a fura don in cinye dukiya!"

Alƙali ya juya ga Hasana da sauran matan. "Kun ji ta ambaci zaƙami?" Suka rantse ba su ji ba, ba su ma ji sunan Alhaji a bakinta ba. Ya ɗage zaman, ya sa magatakarda ya karance littafin. Da aka dawo magatakarda ya ce babu zaƙami a ciki, babu ma wani abin da aka zuba wa kowa a abinci.

Alƙali ya cire tabarau ya ce a hankali, "Alhaji, yarinya ba ta faɗa ba, littafi bai faɗa ba. Kai a ina ka samo zaƙami?"

Sai aka ji kuka daga ɓangaren mata. Maijidda ce ta zube ƙasa. "Ni ce mai dama furar! Shi yake kawo mini 'ya'yan zaƙami in daka, ya ce in na faɗa sai ya kashe ni. Tun ranar da yarinyar nan ta yi maganar ban ƙara zubawa ba... ku je ku ga Kubura, wallahi ta fara gane mutane!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Zinariya ta kalli tafukan hannunta, ta fasa wata irin ƙara. "Da hannuna! Da hannun nan nake ba ta, ina roƙonta ta sha!" Ta sulale ƙasa a sume. Ko 'yan hisbar da ke bakin ƙofa sai da suka share hawaye.

Aka yanke wa Alhaji Munzali ɗauri mai tsawo, bayan bulalar da ya sha a bainar jama'ar da ke sa masa albarka jiya. Maijidda ma ta karɓi nata hukuncin, ko da yake an sassauta mata. Garke da gonaki suka koma hannun masu su. Dangin Lawal suka dawo da kayansu suna ba da haƙuri, Zinariya ta ce su riƙe abinsu.

Kubura ta yi watanni a asibiti kafin ta dawo gidan mijinta. Wata safiya Zinariya ta dama fura, ta kawo, sai ta kasa miƙawa. Ta kai ƙwaryar bakinta ta fara kurɓa, hawaye na ɗiga a ciki. Uwar ta karɓa ta sha, ta shafa kanta.

"Zinariya... daga ɗakin can nakan jiyo muryarki kina karatu. Matar nan ta cikin littafi, yaya ta ƙare?"

"A ɗakin ta mutu, Inna, ba wanda ya buɗe mata." Ta rungume ƙafar uwarta, daidai inda mari ya bar tabo. "Shi ne ƙorafina na biyu a kan marubucin."